Mamana, ki kai watan Maris tukuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mamana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan gida lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa, ko da yake na san bai kama ƙafar sanyin da kike ciki a Amurka ba.

Ummanki ta nuna mini saƙon da kika turo mata. Ta ce kin roƙe ta ta lallaɓa ni kafin ki faɗa mini da bakinki. Ba sai an lallaɓa ni ba, kuma raina bai ɓaci ba ko kaɗan. Na karanta abin da kika lissafa ɗaya bayan ɗaya: tashin asuba ki ratsa dusar ƙanƙara zuwa kwamin iyo, atisaye kafin aji da wani bayan aji, gasar da kika zo ta 14, zamanki ke kaɗai baƙar fata kuma ke kaɗai mai sallah a tawagar, sannan ga maganar da Gwaggo ta yi a gidan biki wadda aka ɗauka aka kai miki har can. Kin ce kina so ki ajiye iyo kafin a dawo daga hutu.

Ba zan tilasta miki ba. Ke ce a cikin ruwan, ke kika san sanyinsa. Roƙo ɗaya gare ni: ki kai ƙarshen kakar bana, wato watan Maris, sannan ki yanke shawara da hankali kwance. Tun ranar da kika ce mini an ɗauke ki a tawagar jami'a nake bin tarihin wannan wasa, ina karantawa, ina kallon tsofaffin gasanni da daddare, don in san inda 'yata ta sa ƙafa. Ina so ki ji abin da na gano kafin ki je wurin koci.

A gasar Olamfik ta 1964 a Tokiyo, wata yarinya Ba'amurkiya mai suna Donna de Varona ta ci lambar zinare biyu. Shekararta 17. Tun tana 13 aka tafi da ita gasar Rum ta 1960. Da ta dawo daga Tokiyo, ƙarfinta yana kan ganiyarsa, sai ta daina iyo. Lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne lokacin shiga jami'a ya yi, jami'o'in kuwa ba su da tawagar mata irin ta maza, ba sa ba mace tallafin karatu saboda wasa. Samarin da suka je Tokiyo tare da ita suka wuce jami'o'insu, ga koci, ga kwami, ga gasa a kai a kai. Ita kuma ta koma sharhin wasanni a talabijin. Bayanta Debbie Meyer ta ci zinare uku ita kaɗai a Mekziko a 1968 tana da shekara 16, a mita 200 da 400 da 800, ita ma ba ta cika 20 ba ta bar ruwa. Har mutane suka yarda cewa ƙarfin mace a ruwa da wuri yake ƙarewa, alhali hanya ce aka toshe musu daidai ƙofar jami'a.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Micki King, mai tsallen alkafura cikin ruwa. Ta shiga Jami'ar Michigan a farkon shekarun 1960, lokacin da babu tawagar mata a can. Kocin maza, Dick Kimball, shi ya ga abin da Allah ya ba ta, ya yarda ya horar da ita, ba tare da sunanta yana cikin wata tawaga ba. Da ta gama karatu ta shiga sojan sama, ta ci gaba da atisaye. A Mekziko a 1968 ita ce kan gaba, saura tsalle biyu a gama. A tsalle na tara hannunta na hagu ya bugi allon da take dirowa daga kai, ƙashi ya karye. Ta sake hawa ta yi na goma da karyayyen hannu, ta ƙare ta huɗu, ko tagulla ba ta samu ba. Ki tsaya ki yi tunanin wannan, Mamana. Mace mai shekara 24, a zamanin da ake ganin ta riga ta tsufa da wasan, zinare ya suɓuce mata a gaban duniya. Ta jira shekara huɗu. A Munich a 1972, tana da shekara 28, ta ci zinaren allon mita uku. Daga baya ta horar da ɗaliban makarantar sojan sama ta Amurka, ta yi ritaya da muƙamin kanar.

Wata biyu kafin wannan zinare nata, ranar 23 ga Yuni 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar da suke kira Title IX. Jigon dokar kalma 37 ne kacal, kuma ko sau ɗaya bai ambaci wasa ba. Cewa ya yi duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon hana mutum wani abu na ilimi don shi namiji ne ko mace. Cikin waɗanda suka tsaya wa dokar a majalisa akwai Patsy Mink daga Hawaii, wadda makarantun likitanci da yawa suka ƙi ɗauka tana budurwa. Bayan rasuwarta a 2002 aka sa wa dokar sunanta. A lokacin da aka sa hannu, matan da suke wasa a tawagogin jami'o'in Amurka duka-duka kusan 30,000 ne. Yau sun haura 200,000, kuma ke kina cikin lissafin.

Ba a wayi gari aka ga komai ya gyaru ba. Shekara goma mata malaman wasanni ne suka riƙe gasannin mata da ƙungiyarsu, AIAW, da ɗan abin da ke hannunsu. Sai a 1982 babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta shirya gasar iyo da tsallen ruwa ta mata karo na farko, Jami'ar Florida ta ɗauki kofin. Tauraruwarsu a shekarar ita ce Tracy Caulkins, kuma ina so ki gwada rayuwarta da ta de Varona. Caulkins ta ci zinare biyar a gasar duniya ta Berlin a 1978 tana da shekara 15. Kowa ya zuba ido ga Olamfik ta 1980 a Mosko, sai Amurka ta ƙaurace wa gasar saboda shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afghanistan. Da a zamanin de Varona ne, labarinta ya ƙare ke nan. Ita kuwa ta samu jami'ar da ta riƙe ta, tana karatu tana iyo, har 1984 ta zo, ta ci zinare uku a Los Angeles tana da shekara 21. Baiwar ɗaya ce a wurin su biyun. Bambancinsu shekaru huɗun nan ne na jami'a, waɗanda aka hana ɗaya aka ba ɗaya. Su ne shekarun da kike riƙe da su a hannunki yanzu, kuma ko rabin ta farko ba ki cinye ba.

Na san abin da za ki ce: waɗannan taurari ne, ke kuwa makarantarki ƙarama ce, ba a ba ki ko sisi don iyo, kuma ta 14 kika zo. To bari mu yi maganar ta 14 ɗin.

A babbar gasar ƙasa ta watan Maris, wadda ta zo ta ɗaya tana kawo wa makarantarta maki 20, ta biyu 17, haka ake sauka har ta 16 mai maki ɗaya. Ta 14 maki uku take kawowa. Tseren karɓa-karɓa kuwa, inda mutum huɗu suke miƙa wa juna, ninki biyu ake lissafa shi. Makin masu tsalle daga allon mita ɗaya da mita uku da dandamalin sama duk a tukunya ɗaya ake zuba shi da na masu iyo. A 2001 Jami'ar Georgia ta doke Stanford ta ɗauki kofin ƙasa da ratar maki ɗaya da rabi. Ke ɗalibar lissafi ce, ba sai na yi miki bayani ba: da wata yarinya guda da ta zo can ƙasa-ƙasa ta ce wahalarta ba ta da amfani ta zauna a ɗaki, da kofin ya tafi wani gari. Iyon jami'a gayya ce, Mamana. A gonar gayya ba a tambayar wa ya fi kowa saurin kai ƙarshen kunya, ana duba ko an gama gonar kafin rana ta faɗi. Abin da ya sa nake son wannan gasa fiye da Olamfik ke nan. Har manyan da suka riga suka yi suna sun nemi wannan zama cikin jama'a. Missy Franklin ta ci zinare huɗu a Landan a 2012, kamfanoni suna bin ta da kuɗi, ta ƙi karɓa don dokar wancan lokacin ba ta yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla ba, ta tafi Jami'ar California ta Berkeley ta yi iyo da 'yan ajinsu. Katie Ledecky ta dawo daga Rio a 2016 da zinare huɗu ta shiga Stanford, ta taya su ɗaukar kofi a 2017 da 2018, ta kuma kammala digirinta a ilimin halayyar ɗan'adam. A Faris a 2024, tana da shekara 27, ta ci tseren mita 800 karo na huɗu a jere. Shekara goma ke nan a kan shekarun da de Varona ta ajiye iyo.

Kuma kada ki raina masu tsalle da kuke tawaga ɗaya. Kin ce sau da yawa in sun fara nasu sai mutane su watse su tafi cin abinci. Ke ki zauna. Mai dirowa daga mita goma tana faɗa wa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa, kuskure kaɗan ruwan ya zama kamar daɓe. Laura Wilkinson ta Jami'ar Texas ta karya ƙasusuwa uku a ƙafa watanni kaɗan kafin Olamfik ta 2000. Makonni ba ta iya tsalle, sai ta riƙa tsayawa tana bin kowane juyi a zuciyarta, daga tashi har shiga ruwa. A Sidni ta taso daga matsayi na takwas, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta wuce 'yan Sin da kowa ya ba zinaren tun kafin a fara. Yarinyar da take hawa wannan tsani a kwaminku tana bukatar ta ji muryar wani a ƙasa, kamar yadda kike bukata in kin juyo tsawon ƙarshe numfashi ya ƙare.

Yanzu maganar da na san ta fi ci miki rai, ko da yake a layi ɗaya kika rubuta ta: zama ke kaɗai.

Rashin baƙaƙen fata a kwamin iyo na Amurka yana da tarihi, kuma tarihin ba ya cikin jikinmu. Shekara da shekaru an hana su shiga wuraren iyo na gwamnati. A watan Yunin 1964, shekarar da de Varona ta ci zinarenta, a garin St. Augustine na Florida, wani manajan otal ya zuba asid a cikin ruwa saboda baƙaƙe da farare masu zanga-zanga sun shiga tare. Da kotuna suka ce a buɗe wa kowa, wasu garuruwa suka gwammace su rufe wuraren gaba ɗaya. Uwar da ba a bari ta koyi iyo ba tsoron ruwa take gadar wa ɗanta. Haka abin ya bi jini har jikoki.

A cikin wannan hali Maritza Correia ta taso. Likita ne ya ce a sa ta iyo tana ƙarama saboda ƙashin bayanta ya karkace. Tana cikin tawagar Georgia ɗin nan da ta ci kofi da maki ɗaya da rabi. A 2002 ta kafa sabon tarihin Amurka a yadi 50 da yadi 100, a 2004 kuma ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga tawagar iyo ta Amurka a Olamfik, ta dawo daga Atina da azurfa. Alia Atkinson 'yar Jamaika ta yi karatu a Jami'ar Texas A&M, ta ci gasar jami'o'i a iyon kwaɗo a 2010, a 2014 a Doha ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kambun duniya a iyo. Sai watan Maris na 2015, a tseren yadi 100 na gasar NCAA: Simone Manuel ta Stanford ta ɗaya, Lia Neal ta Stanford ta biyu, Natalie Hinds ta Florida ta uku. Dukansu baƙaƙe, a kan dandamali ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba. Ki nemi hoton ki kalla. Bayan shekara ɗaya Manuel ta ci zinaren mita 100 a Rio, ita da Penny Oleksiak ta Kanada suka taɓa bango a daƙiƙa 52.70 daidai wa daida. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta taɓa zama ita kaɗai a ɗakin canja kaya, ana tambayarta gashinta, ana mamakin ganinta. Da sun fita saboda kaɗaici, da wadda ta biyo baya ita ma ta tarar da wurin babu kowa.

Daga nahiyarmu ma an bi wannan hanya. Penny Heyns ta Afirka ta Kudu ta yi karatu a Nebraska, ta ci zinare biyu a iyon kwaɗo a Atlanta a 1996. Farida Osman ta tashi a Alƙahira ta tafi Berkeley, ta ci yadi 100 na iyon malam-buɗe-littafi a gasar jami'o'i ta 2017, a shekarar kuma ta kawo wa Masar lambarta ta farko a iyo a gasar duniya, a Budapest. Kirsty Coventry ta bar Harare ta tafi Jami'ar Auburn a Alabama, ta taya su cin kofi a 2003 da 2004, ta tara lambobin Olamfik bakwai, biyu zinare a iyon rigingine. A watan Maris na 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka. Ta karɓi aiki ranar 23 ga Yuni, shekara 53 cif daga ranar da aka sa hannu a kan waccan doka ta Title IX.

Ban kawo miki sunayen nan don ina jiran zinare daga gare ki ba. Wallahi ko ba ki taɓa hawa dandamali ba har ki gama, alfaharina da ke ba zai ragu ba. Kuma karatu ne ya kai ki, wannan ba ya canjawa. Amma kada ki yarda a ce miki dole sai ɗaya ya kashe ɗaya. Jami'ar Virginia ta ɗauki kofin mata sau biyar a jere daga 2021 zuwa 2025, kuma ɗaya daga cikin jagororinsu, Kate Douglass, ƙididdiga ta karanta. A 2022 ta ci tsere uku a salon iyo uku mabambanta a gasa ɗaya. Ta yi aiki da wani farfesan lissafi na makarantar, Ken Ono, suna ɗaura wa masu iyo na'urar auna motsi, suna lissafa inda ruwa yake riƙe jiki da inda ake asarar ɗan kason daƙiƙa, har da yadda take riƙe kanta in ta nutsa bayan juyi. A Faris ta ci zinaren mita 200 na iyon kwaɗo. Ga lissafinki ga ruwanki a wuri ɗaya. Ki tambayi wani malaminku ko zai yarda ki yi aikin bincikenki na shekara mai zuwa a kan lokutan tawagarku.

Sai maganar Gwaggo. Yayata ce, kuma don tana ƙaunarki ta yi magana, tsoro take ji kada ki tafi ki bar tarbiyyar gidanku. Wannan tsoron ni ma ina da shi, duk uban da ya tura 'yarsa wata uwa duniya yana da shi. Amma ni na san abin da ba ta sani ba. Na san tun kafin ki shiga ruwansu kika je da kanki kika nemi izini a rubuce na sa rigar da ta rufe miki jiki har wuyan hannu da idon sawu, alhali ƙa'idar gasa tun 2010 ta tsayar da rigar mata daga kafaɗa zuwa gwiwa. Na san rigar tana ɗan rage miki gudu, kuma kin san haka kika zaɓe ta. Wani ɓangare na ta 14 ɗin nan kuɗin suturarki ne, kuma ni a wurina ya fi ta ɗaya ba tare da ita ba. Ba ke kaɗai kike wannan fafutuka ba: hukumar iyo ta Ingila ta sassauta dokarta a 2017 don mata masu rufe jiki su shiga gasa, hukumar iyo ta duniya kuma, bayan ta ƙi amincewa da hular Soul Cap mai ɗaukar gashi irin namu a 2021, ta dawo ta amince a 2022. Duk inda aka sassauta, wata ce ta tsaya ta nema cikin ladabi ta ƙi gajiya. Iyo kansa ba baƙo ba ne a addininmu. An ruwaito Sayyidina Umar yana umartar a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Zan je wurin Gwaggo da kaina ranar Juma'a bayan masallaci. Wannan nauyi nawa ne, ki sauke shi daga kanki.

Akwai dai inda zan ce ki fita, kuma ina so ki riƙe su da kyau.

Idan aka ce sai kin cire suturarki, ko aka mai da sallarki abin dariya kuma hukuma ta ƙi tsawatarwa, ki fito. Idan koci ya fara wulaƙanta ki, ko yana yi miki maganar nauyin jikinki a gaban mutane, ko yana neman keɓewa da ke, kada ki yi shiru don kunya irin tamu. Ki rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai ofishin da ke kula da Title IX, kowace jami'a da ke karɓar kuɗin gwamnati tana da jami'in wannan aiki, sannan ki kira ni ko ƙarfe nawa ne. A Janairun 2023 Jami'ar California ta Berkeley ta sallami kocin da ta kawo mata kofin ƙasa har sau huɗu, bayan bincike a kan koke-koken 'yan matan da suka ce ta daɗe tana cin zarafinsu. Kofi huɗu bai hana a saurari yaran ba, amma sai da suka buɗe baki.

Haka kuma jikinki amana ne. Simone Manuel ɗin nan da na ambata, a 2021 likitoci suka tabbatar mata atisaye ya wuce kima har jikinta ya daina murmurewa: bugun zuciya ya hau, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranta. Sai da ta bar ruwa na makonni, daga baya ta ɗauki dogon hutu, sannan ta dawo ta je Faris. In kin ga barci ya gagara, ko kina rama, ko al'adarki ta ɗauke, ki je wurin likitar tawaga a ranar, ki kuma gaya wa Ummanki. Gajiyar da take wucewa da barcin dare ɗaya daban, wadda take kwana ta tashi da mutum daban. Azumi ma ya kusa, kuma bana zai faɗo daidai lokacin manyan gasanninku. Ki zauna da koci tun yanzu ku tsara, ko a mai da atisayenki mai nauyi bayan buɗa-baki. Abin da ya shafi hukuncin ruwa ya wuce maƙogwaro ba da niyya ba, ko ranar tafiya gasa a wani gari, ki tambayi limamin masallacin da kike zuwa, kada ki yanke wa kanki.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake so ki daure, shi kuwa na gida ne. Kin tuna ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari a Bagwai, yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 aka rasa, akasari yara. Watanni kaɗan kafin nan, a watan Mayu, wani ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi da fasinjoji fiye da ɗari, mata da yara da yawa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ruwa yake ci a shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ne kan gaba. Ba na cewa iya iyo kaɗai zai hana wannan. Lodi fiye da kima, tsofaffin jirage da rashin rigar kariya su ne manyan masu laifi. Amma mun ce iya ruwa fid da kai, sannan muka bar rabin al'umma ba su iya ba. Mu maza mun koya a kududdufi da rafi muna yara, ba wanda ya hana mu. 'Yan'uwanmu mata suna bakin ruwa suna wanki. Kuma babu uban da zai miƙa 'yarsa budurwa ga namiji ya koya mata iyo, ni ma ba zan miƙa ba. Sai mace. Mace da ta san aikin sosai, ta san yadda ake koya wa mai tsoro ya kwanta a kan ruwa ya yi numfashi, ta san ceto, kuma iyaye suka ga suturarta da tarbiyyarta suka natsu. Irin wannan mace nawa muke da su a duk faɗin Arewa? Kowace safiya da kika ratsa ƙanƙarar nan ilimi kike tarawa wanda ba a sayar da shi a nan. Kafin ki gama, ki yi kwas ɗin ceton rai a ruwa da na koyar da yara, ki karɓi takardar shaida. Ko ranar Asabar ɗaya a wata kika samu kwamin wata makaranta aka rufe ƙofa mata zalla, ƙannenki da 'ya'yan maƙwabta sun isa aji na farko.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi. Ki koma atisaye ranar da aka buɗe. Ki sami kocinku ki gaya masa gaskiya cewa kin yi tunanin bari, ki tambaye shi abu ɗaya tak da za ki gyara daga nan zuwa Fabrairu, ko juyi a bango ne ko fitowa daga nutso, tunda a kwamin yadi 25 juyi yana da yawa kuma a nan ake cin mutane. Ki daina duba ta nawa kika zo, ki riƙa rubuta lokacinki a littafi kina gwada shi da na makon jiya. Ki gayyaci biyu daga cikin 'yan tawagarku ku ci abinci tare a ɗakinki, ki dafa musu abin gida, don wani kaɗaicin sai mutum ya fara miƙa hannu yake yayewa. In Maris ya zo kika ce har yanzu zuciyarki ba ta ciki, ki ajiye da albarkata, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ki turo mini jadawalin gasanninku da yadda ake kallo ta intanet, ko tsakar dare ne a nan zan tashi. Ummanki ta haɗa miki man kaɗanya saboda bushewar fata da sinadarin ruwan yake sa miki, da kilishi da yaji, za mu ba mai tafiya a ƙarshen wata. Ƙannenki suna gaishe ki, ƙaramar ta ce ita ce ta farko a layi in kin dawo. Hajiya tana sa miki albarka kullum.

Allah ya tsare mini ke, ya ba ki ƙarfin jiki da na zuciya, ya yi miki albarka.

Naki,
Abba